Hoton Baffa a Tsaye

Tun da na dawo daga Masar kunnuwana ba su huta ba. A makaranta a tare ni, a masallaci a tare ni, a majalisarmu ta bakin tasha kuwa ko zama ba a bari in yi: Malam Sani, ka ga dalar Fir'auna? Malam Sani, da gaske ne burodi suke ci safe da yamma? Na gaji da maimaitawa, kuma kowa guntu yake samu ya tafi ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa. Dala dai sau ɗaya na hango ta ta tagar mota, ban sauka ba. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, surukina na kai asibiti.

Baffa, mahaifin matata Hadiza, Bafulatani ne na Dakko ta ƙasar Bakura, irin waɗanda kakanninsu suka ajiye sanda suka kama fartanya. Tun kafin a haifi Hadiza shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Shekara biyu da suka wuce wani ciwo mai ban haushi ya kama shi. In yana kwance ko zaune lafiyarsa lau. In ya miƙe tsaye, kafin a gama Fatiha da sura ƙafafunsa sun mutu, zogi na sauka daga ƙugu har diddige. Dole ya bar wa na'ibinsa gaban sahu, aka kawo farar kujerar roba aka ajiye masa a ƙarshen sahun farko. Duk wanda ya san Baffa ya san kujerar nan ta fi ciwon cin ransa.

An kai shi Gusau, an kai shi Sakkwato. Sau biyu ana sa shi a na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki da likitoci ke kira MRI, wadda ake kwantar da mutum a tura shi cikin wani rami mai kama da kwalbati. Hoto ya fito, aka ce ba wani abin a zo a gani, shekaru ne. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska, wasu marasa tsoron Allah har cewa suka yi limancin ne ya ishe shi yake neman hanyar sauka. Sai wani likitan ƙashi a Sakkwato, Allah ya saka masa da alheri, ya ce ciwon da ba ya zuwa sai mutum na tsaye ba lalle ne a gan shi a hoton kwance ba. Ya ce akwai irin na'urar da ke ɗaukar mutum yana tsaye da nauyinsa a kan ƙafafunsa, ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Alƙahira.

'Ya'yan Baffa suka haɗu suka yi abin da ya kamata. Saura wa zai raka shi. Babbansu ɗan fari ne, don kunya ko sunansa Baffa ba ya faɗa, sauran kuma ba mai jin Larabci. Ido ya dawo kaina, tunda Larabci nake koyarwa a sakandare a nan Mafara. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa shekara goma sha ɗaya da aurena ban taɓa cin ko gyaɗa a gaban Baffa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, shi ma bai taɓa kirana da komai ba sai "Malam". Ni kaina ban tuna ba. Ɗokin shiga jirgi ya rufe mini ido.

Mun bar Dakko bayan rana ta ɗaga, don hanyoyinmu na yanzu ba a yi musu sammako. Gwaggon Hadiza ta aiko daga Maradun da ƙunshin daddawa da kuka da garin fura. Na ce ba a shiga jirgi da irin wannan kaya. Hadiza ta ce in na isa in faɗa wa Baffa. Ban isa ba. Muka bi Mafara, Gusau, Tsafe, shinge bayan shinge, Baffa a gidan gaba an kwantar masa da kujera, ni a baya. A Funtuwa direba ya sayo tsire ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ya miƙa wa Baffa, shi ma ya ce ya ƙoshi. Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja motarsa yana cin tsirensa shi kaɗai har Zariya, ƙamshin ƙuli na neman kashe ni.

A jirgin da muka shiga a Kano kujerunmu a jere suke, kafaɗa da kafaɗa. Aka kawo abinci aka ajiye mana, kowa ya zuba wa nasa ido. Can dabara ta faɗo mini, na jingina kai na rufe ido kamar barci ya kwashe ni. Ba a jima ba na ji ƙarar cokali a hankali. Da ya gama sai ya yi gyaran murya, ya ja wutsiyar rawaninsa ya rufe fuska. Na gane lokacina ya zo. Haka muka ci abinci a sararin samaniya, kowa na gadin barcin ƙaryar ɗan'uwansa.

A filin jirgin Alƙahira layin duba fasfo dogo ne. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya, Baffa ya tambayi wa zai tura, aka nuna ni, ya ce, "Ba komi, ina iyawa." Muka shiga layi. Kowane minti biyu sai ya sunkuya yana gyara takalmi. Takalmin fade ne, ba shi da igiya balle ta kwance. Na gani, na kawar da kai, ban kawo komai a raina ba.

Wurin duba kaya aka buɗe ƙunshin Gwaggo. Jami'in ya tambayi mene ne wannan baƙin abu. Na gyara tsayuwa na zuba masa Larabcin littafi, da wasali da komai, ina bayanin yadda ake dafa kalwa a rufe ta kwanaki. Bai bari na kai ƙarshe ba ya kira abokinsa ya ce ya zo ya ji mai huɗuba. Su Larabcinsu na kasuwa ne, a guntule, rabi a haɗiye. Ya kai daddawar hanci, ya yi sauri ya ƙulle ledar da kansa, ya yi mana nuni da hannu mu wuce.

Masaukinmu yana wata unguwa da mutanenmu masu zuwa asibiti ke sauka, hawa na huɗu, ɗaki ɗaya da falo. Baffa ya ɗauki ɗaki, na shimfiɗa a falo. Washegari Baffa ya tare maigadin gidan zai gaishe shi yadda ake gaisuwa: kwana, gajiya, iyali, aiki. Ina cikin fassara ta biyu mutumin ya riga ya kai bakin titi. Baffa ya bi shi da kallo ya ce, "Mutanen ga wa ya koro su?" Gaisuwarsu kalma biyu ce sun wuce. Amma in ka tambaye su hanya sai mutum ya bar shagonsa a buɗe ya raka ka har ƙofa, wannan kam sun fi mu.

Maganar burodi gaskiya ce. Faffaɗa ne kamar faifai, ana ɗauko shi jibgi guda a ka bisa keke, ana ratsa motoci da shi. Da safe wake ne dafaffe da mai, a dangwala da burodin. Akwai wani abincinsu da suke haɗa shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, ni dai na ce garau-garau ne da ya samu wuri. Shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ba madara. Matan saman bene ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya ta taga mai shago ya zuba musu. Tsallaka titi kuwa sai ka yi shahada, don ba motar da ke tsayawa.

Ni a matakalar bene nake cin abincina, in bar wa Baffa falon. A rana ta biyu ina zaune da kwanon wake a cinya wani dattijo mai tsagen Barebari, ido ɗaya a rufe da auduga, ya tsaya a kaina.

"Kai kuma lafiya, kake ci a ɓoye kamar ka sato?"

Na yi masa bayani. Sunansa Alhaji Modu, daga Maiduguri, aikin ido aka yi masa, yana hawa na uku. Ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Chadi da Sudan, Larabcin titi a bakinsa kamar ruwa. Da ya ji surukin nawa Bafulatani ne sai ya ture ni ya shiga falon yana cewa, "Ina bawan nawa yake? Wa ya ba shi izinin zuwa Masar ban sani ba?" Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Daga matakala na jiyo Baffa na ramawa, na jiyo shi yana dariya har da tari. Shekara goma sha ɗaya ban san yana da irin wannan dariyar ba.

Ranar Litinin muka je asibitin. Likitar mace ce, dattijuwa mai tabarau, ba ta da wasa. Ta fara tambaya ina fassarawa. Ina ke yi maka ciwo? Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Minti nawa kake iya tsayuwa? "Gwargwadon iko." Ciwon na sauka ƙafa? "Ba a rasa ba." Na fassara mata yadda ya faɗa, sannan na ƙara da abin da Hadiza ta gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, don nauyi nake ji in ƙaryata shi yana zaune. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce daga bakin mai ciwon take so ta ji.

Aka kai mu ɗakin hoto. Ba a shiga da ƙarfe ko na allura ne, don na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Aka karɓi agogo, aka karɓi makullan rumbu da ya ɗaure a mazagin wando tun daga Dakko. Sai da aka yi shawara a kan haƙorin Makkansa kafin aka ce ba matsala. Da aka zo cire babbar riga a sa masa 'yar shuɗiyar rigar asibiti mai ɗauri ta baya, ni na juya na fuskanci bango kamar ɗalibin da aka hukunta.

Na'urar ba rami ba ce irin ta gida. Gado ne ake kwantar da mutum a ɗaure shi da maɗauri, a ɗauki hoto a kwance, sannan gadon ya tashi da shi a hankali har ya tsaya a kan ƙafafunsa, gabansa a buɗe yana ganin ɗakin. Ni da mai sarrafa na'urar muna wani ɗaki, gilashi a tsakaninmu da Baffa, da abin magana. Umarnin ɗaya ne: ya miƙe sosai, ya saki nauyinsa a ƙafa, ya jira har ciwon ya zo, ya faɗa, sannan kada ya motsa sai an gama. Na'ura ta kama bugawa kamar injin niƙa. Minti uku, minti biyar, na tambaye shi ta abin magana, "Baffa, ya zo?"

Ya dube ni ta gilashin. Gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya ce, "Ba komi, Malam."

Sau uku ina tambaya, sau uku ba komi. Mai na'ura ya nuna mini allonsa yana faɗa da hannu: tsohon ya lanƙwasa gwiwa, ya rataya nauyinsa a maɗauri, ya ranƙwafa kaɗan yadda ciwon zai lafa ba tare da an gane ba. Gyaran takalmin filin jirgi ne ya dawo. Hoton ya fito dishi-dishi, abin da ake nema bai fito ba. Likita ta ce layin na'urar a cike yake, gurbi ɗaya ya rage ranar Alhamis, bayan shi sai lokacin da bizarmu ta riga ta ƙare. Ta ce ba likitan da zai taɓa bayan mutum bai ga abin da zai gyara ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro. Na ga mun koma Dakko hannu biyu, na ga masu cewa ƙarya yake sun samu abin faɗa, na ga kujerar robar nan har ƙarshen ransa. Da la'asar na fita matakala na kira Hadiza ina ta zuba, mahaifinki ya ƙi magana, mahaifinki ya ɓata mana tafiya. Ta bari na gama sannan ta ce, "Malam, kai ne fa. Baffa ko kunama ta harbe shi a gabanka ba zai ce wash ba. Kai a gabansa za ka ce?"

Wallahi ba zan ce ba. An ɗauko ni don bakina, ashe idona ne ya hana aikin. Na kashe wayar na sauka hawa na uku na ƙwanƙwasa wa Alhaji Modu.

Ranar Alhamis mu uku muka tafi. Na gaya wa likita na kawo wani tafinta, ni zan jira a waje. Ta dubi Alhaji Modu da audugarsa a ido, ta ɗaga kafaɗa. Na zauna a benci a baranda, ƙofar ɗakin masu na'ura ba ta rufu sosai ba. Injin ya fara bugawa, sai muryar Alhaji Modu ta cika wurin.

"Miƙe gwiwar nan, ina ganinka da ido ɗayan. Kakanka ya bi saniya a ƙasa daga Zamfara har Barno, kai tsayuwar minti goma ta gagare ka? Surukin naka ya tafi, ba kowa sai ubangidanka. Faɗi, ina yake cizo?"

Sannan ta cikin abin maganar na ji wata murya da ban taɓa ji ba, tana rawa. "Wash. Modu, ga shi nan ya taho. Ƙugu, ta hagu. Ya sauka cinya."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tashi na sauka har bakin titi na tsaya wajen mai sayar da lemo, idona ya kawo ruwa. Ba nawa ba ne in ji.

Bayan kamar rabin awa aka aiko kirana. Likita ta jera hotuna biyu a allo. Na kwance, ƙasusuwan baya a jere lafiya lau, irin wanda aka yi ta nuna mana a gida. Na tsaye kuwa ko ni da ban san komai ba na gani: ƙashi ɗaya a ƙasan baya ya zame gaba ya bar layin 'yan'uwansa, ya matse jijiyoyin da ke sauka ƙafa. In ya kwanta sai ya koma mazauninsa kamar bai taɓa motsi ba. Likitar da ba ta dariya ta bugi allon da biro tana murmushi ta ce, "Ga ɓarawon." Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ba da ni yake ba, ba da kowa ba, "Ashe ba ƙarya nika yi ba." Ya ce a tambaye ta ko za a ba shi hoton ya tafi da shi Dakko.

Da hoton a hannu komai ya tafi daidai. Asibitin suka ba mu takardar da aka ƙara mana kwanakin biza da ita, aka yi aiki aka ɗaure ƙashin a wurinsa. Duk tambayar da ta shafi ciwo Alhaji Modu ke shiga, ni aikina sayen magani da dama fura. Har ranar komawarsa gida ya ɗage saboda mu, ya ce ba zai bar bawansa a hannun Larabawa ba. Kukar Gwaggo da daddawarta su suka riƙe mu, don Baffa ya yi rantsuwa ya gama da wake.

Da muka dawo, zauren Baffa ya cika kwana uku. Duk wanda ya shigo sai an ɗaga masa hoton a hasken ƙofa an nuna masa ƙashin da ya zame. Har masu maganar jifa sun zo, sun leƙa, sun ce ikon Allah, sun fita sumui-sumui. Ni dai ina gefe ina jin daɗina, ba zan ɓoye ba.

Wata huɗu bayan nan, ranar wata Asabar, Hadiza ta ce mu je Dakko. Magariba ta same ni a masallacinsu. Aka ta da iƙama, na'ibi ya taka zai shiga gaba, sai Baffa ya miƙe daga ƙarshen sahu ya ratsa a hankali, ba sanda. Na'ibin ya ja da baya. Baffa ya yi kabbara, ya karanta Fatiha, ya ɗauko sura doguwa, ba irin ta magariba ba. Yana ja muna tsaye, har na ji na kusa da ni yana sauya ƙafa. Ni kuwa gwiwoyinsa nake kallo, Allah ya yafe mini sallar ranar. Ba su lanƙwasa ba sai da ya tafi ruku'u.

Bayan an sallame an watse, na je na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa, na ce, "Baffa, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, Malam." Yana jan carbi ya nuna ƙarshen sahu da haɓa. "In za ka fita, ɗauki kujerar can ka kai zaure. Baƙi na rasa wurin zama."

Na ɗauke ta na sa a ka, na bi ta tsakiyar unguwa da ita, ta doguwar hanya.